Tabar Naɗi Ta Bushe A Hunturu: Amsa Ga Wani Alhaji Ɗan Kasuwa

  

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai zuwa Kwatano yana saro kaya yana kawowa Kano. Ya roƙi kada a faɗi sunansa, to mun ji. Ya ce wani mai otal da suka daɗe suna hulɗa ya ba shi sautun akwati biyu na wata taba mai kauri 'yar ƙasar Kuba, irin wadda ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda, saboda baƙinsa Turawa. Kowane akwati kara 25 ne a ciki. Alhaji ya dawo a farkon Disamba, ya tarar mai sautu ya yi tafiya, sai ya ɗora akwatunan can saman kanta, dab da rufin kwano. Yau wata biyu ke nan. Shekaranjiya ya buɗe ya ɗauki kara ɗaya ya ɗan matsa, sai ya ji ƙaras, ganyen waje ya dare. Mai kaya zai dawo nan da mako shida, kuma kuɗin sautun, in aka ce a biya, ya fi rabin jarin Alhaji.

Ya ce maƙwabtansa na kasuwa sun ba shi shawarwari iri-iri. Wani ya ce a yayyafa mata ruwa kamar goro. Wani ya ce a turara ta a bakin tukunya. Wani kuma ya ce a jefa ta cikin firiji. Shi ne yake tambaya, shin tabar nan za ta dawo? In ta dawo, yaya zai adana ta har mai ita ya iso?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka, Allah ya rufa asiri. Kafin in shiga amsa, bari in sauke nauyin da ke wuyana. Taba guba ce, ta naɗi da ta takarda, ta lofe da ta hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma dokar taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ba na yi wa kowa tallarta a wannan fili. Amma dukiyar mutum ce a hannunka, amana ce, don haka za mu taimaka maka ka fita kunyar mai ita.

Amsar a taƙaice ita ce, i, akwai dama ta dawo. Sharaɗin kuwa guda ɗaya ne: abin da ya yi wata biyu yana bushewa kada ka ce za ka dawo da shi a dare ɗaya. Duk shawarwarin nan uku da aka ba ka, ka yi musu godiya ka ajiye su gefe. In ka bi ko ɗaya, garin neman gira za ka rasa ido.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunka. Turawa na kiran wannan taba "siga", amma kada wani ya ɗauka sigan shayi ake nufi. Mu dai mu kira ta tabar naɗi. A shekarar 1492 mutanen Kolumbus suka sauka a tsibirin Kuba suka iske mutanen wurin suna naɗe busasshen ganye suna cinna masa wuta suna zuƙa. Har gobe wadda ta fi suna a duniya daga can take fitowa, daga wani yanki da ake kira Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río, yammacin tsibirin. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kuba a 1962, masu sana'ar da dama sun yi ƙaura da iliminsu da irinsu zuwa Jamhuriyar Dominikan da Nikaragua da Honduras, suka ci gaba da yi a can.

Kowane kara hawa uku ne. Akwai ganyen ciki, shi ne cikon. Akwai ganyen da ya ɗaure cikon. Sai kuma ganyen waje, wato rigar, sirirtacce mai santsi, wanda ya fi sauran tsada. 'Yan'uwanmu da ke saurarenmu a Kamaru, a ƙasarku ma ana noma wannan ganyen riga, can gabas wajen Batouri, kuma ya yi suna a kasuwar duniya. An san shi da ƙamshi, an kuma san shi da saurin darewa saboda rashin kauri.

Ganyen taba kuwa halinsa ɗaya da soso. In iska na da danshi sai ya sha, in iska ta bushe sai ya mayar mata. Kuba tsibiri ce a tsakiyar teku, iskarta a jiƙe take, a cikin wannan iska aka naɗe tabar. Kamfanin Habanos, wanda ke fitar da tabar Kuba zuwa duniya tun 1994, ya ce a adana ta a wurin da danshin iska yake kashi 65 zuwa 70 cikin 100, zafi kuma digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. To mu nan fa? A tsakiyar hunturu danshin iskar Kano da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20. Iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya, ta tsage ƙyauren katako, ita ce ta yi wata biyu tana tsotse tabar Alhaji, ga kuma zafin kwano daga sama.

Manoman taba da ke saurarena, na ƙasar Zazzau da sauran wurare, ku kun riga kun san wannan karatu. Ni ɗan manomin taba ne. Ina yaro, kafin in tafi makarantar horon malamai, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda kowa ya taɓa ganyen da ke rataye a rumfa da rana tsaka. Sai da asuba yake tashinmu, lokacin da raɓa ta sauka ganye ya yi laushi, sannan mu sauke mu ware mu ɗaure. Wata rana na yi azarɓaɓi na sauke igiya guda da azahar, ta ruɓuɓɓushe a hannuna ta zama gari. Ban manta abin da kunnena ya sha ba. Kuma ban taɓa ganin tsohon nan ya ɗebi ruwa ya watsa wa ganye ba. Iska yake jira ta jiƙa masa shi, a hankali. Aikin da za ka yi ke nan, Alhaji, sai dai kai a cikin roba za ka haɗa taka asubar.

Me ya sa ba a watsa ruwa? Goro ɗanye ne, da ransa, shi ya sa masu huhu ke lulluɓe shi da ganye suna yayyafi. Taba kuwa matacciya ce busasshiya. In danshi ya zo mata da yawa lokaci guda, cikon zai sha ta bakin da yake buɗe ya kumbura, alhali rigar tana nan a ƙandare ba ta iya miƙewa, sai ta tsage daga ƙasa har sama. Kamar ka sa wa ƙato rigar yaro ne. Wadda ta tsira daga tsagewa kuma, wajenta zai jiƙe cikinta na bushe, bayan kwana kaɗan fumfuna ta kama ta. Turiri ya fi yayyafi ɓarna, don ga ruwa ga zafi. Firiji kuwa busar da kaya yake yi. Duk wanda ya taɓa barin yankakken tumatir a ciki ba rufi ya ga yadda yake yamushewa. Ga kuma warin kifi da albasa da tabar za ta kwashe.

Yanzu ga abin yi. Ka nemi abu huɗu. Na farko, roba mai murfi mai kamawa gam, irin ta ajiye abinci, ko ƙaramar kula, sabuwa wadda ba a taɓa zuba yaji ko daddawa a ciki ba. Ka wanke ta, ka shanya har warin roba ya fita. Na biyu, ma'aunin danshi, ɗan ƙaramin abu ne kamar agogo, masu kayan ƙyanƙyasar kaji suna sayarwa. Na uku, sabuwar auduga da ɗan kofi. Na huɗu, tataccen ruwa, wanda aka dafa ya zama tururi ya sake komawa ruwa. Ana samu a kemis. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishiri-gishiri da ƙwayoyin fumfuna. A nan ka buɗe kunne da kyau: kada ka aiki yaro ka ce ya sayo ruwan batir, don zai iya kawo maka asid. In kemis ya yi nisa, ka tafasa ruwa a tsabtatacciyar tukunya, ka riƙa tsiyaye wanda ke taruwa a jikin murfi. Cokali biyu uku ya ishe ka.

Kafin ka yarda da ma'aunin nan, sai ka gwada shi, don da yawansu suna ƙarya. Ka cika murfin kwalba da gishirin miya, ka ɗiga ruwa kaɗan har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Ka sa shi tare da ma'aunin a cikin leda mai kauri ko ƙaramar roba, ka rufe ruf, ka bar su kwana ɗaya. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da danshin iska a kashi 75, haka Allah ya yi shi, a Kano ko a Habana. In ma'auninka ya nuna 75, mai gaskiya ne. In ya nuna 70, ka san kullum sai ka ƙara masa 5. In 79 ya nuna, ka riƙa rage 4. Na sha yi wa ɗalibaina wannan gwaji lokacin ina koyarwa.

Makon farko, kada ka fitar da tabar daga akwatunanta na katako, kada ma ka yawaita taɓa ta. Ka sa akwatunan a rufe cikin robar, ka ajiye ma'auni, ka ɗan jiƙa auduga ka matse ta sosai ka sa a kofi a kusurwa, yadda ba za ta taɓa katako ba. Ka rufe. Abin da kake nema a wannan mako shi ne ma'auni ya tsaya tsakanin 55 da 60. In ya haura, rage audugar. In ta bushe ma'auni ya faɗi, ƙara ɗigo kaɗan. Za ka ga da farko ruwan na ɓacewa da sauri, katakon ne ke sha, shi ma ƙishirwa yake ji.

Mako na biyu da na uku, ka ɗan ɗaga murfin akwatunan kamar faɗin yatsa, ka kai danshin 62 zuwa 65. Daga nan duk bayan kwana biyu ko uku ka wanke hannu, ba da sabulu mai ƙamshi ba, ka juya kowane kara kaɗan, na ƙasa su dawo sama, na sama su koma ƙasa, don kowa ya samu rabonsa. Mako na huɗu ka buɗe akwatunan gaba ɗaya, ka kai shi 68 ko 70, ka bar shi a nan har mai kaya ya dawo. Ka ga mako shidan da kake da shi ya isa, in ka fara yau. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda za ka gane ta dawo, ka riƙe kara tsakanin babban yatsa da manuni ka ɗan matsa a hankali. In ta ɗan lotsa ta dawo daidai, babu ƙara, ta yi. In kana jin ƙas-ƙas, da saura. In ta lotsa ta zauna a lotse, ta sha da yawa, sai a cire auduga kwana biyu. Ka gwada wajen tsakiya, don baki yakan riga ciki laushi.

Akwai kuma wasu 'yan fakiti da aka yi musamman don wannan aiki. Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin Boveda na Amurka, da lamba a jikinsa: 62, 65, 69, 72. Dabarar gishirin nan ce a ciki. In iska ta bushe ya ba ta danshi, in ta jiƙe ya tsotse. In akwai mai zuwa Legas ko Kwatano cikin 'yan kwanakin nan, ka ba da sautunsu, ka fara da 62, bayan mako biyu 65, ka ƙare da 69. Ya fi auduga sauƙin sha'ani, don ba ya wuce lambarsa.

Sai tambayarka ta biyu, yadda za a tsayar da danshin kada ya riƙa hawa da sauka. Masu wannan harka suna da akwati na musamman da suke kira humido, mu ce akwatin danshi. Ana shimfiɗe cikinsa da wani katako da ake kira sidar Sifen, ko da yake ba a Sifen yake tsirowa ba, itacen yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma dangin maɗacinmu ne. Amfaninsa shi ne yana shan danshi ya riƙe, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. In mai otal ɗin yana da irinsa, ka gaya masa kada ya zuba taba a cikin busasshen akwati, don katakon zai ƙwace ruwan jikinta. Sai an ajiye ɗan kofin tataccen ruwa a ciki an rufe kamar mako biyu tukuna. Ya kuma gwada bakin murfin: ya saƙala takardar kuɗi ya rufe ya ja. In ta zare ba wuya, akwatin na yoyon iska. A hunturunmu ma, robar da ke rufuwa gam ta fi akwatin katako mai yoyo, komai kyansa.

Abin da za ka riƙe shi ne, tsayuwa wuri ɗaya ta fi dacewa da lamba. Tabar da ta zauna a 65 wata da watanni ta fi lafiya a kan wadda take 60 yau, gobe 75. Kowace hawa da sauka kumburi ne da motsewa, a nan riga ke darewa. Saboda haka kada ka riƙa buɗe roba kana nuna wa abokai. In robar mai haske ce, ka juyo fuskar ma'auni waje ka riƙa leƙawa. Ka kuma raba ta da shagon kwano, inda rana ke gasawa dare ya yi sanyi. Ka kai ta gida, ɗakin ƙasa na can ciki, ƙarƙashin gado, nesa da taga, nesa da turare da kananzir da maganin sauro, don taba na kwasar duk warin da ta samu.

Nan gaba kaɗan bazara za ta shigo, zafi ya haura digiri 40, sai wata matsalar ta taso. Akwai wani ɗan ƙwaro ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ƙwansa kan kwanta a cikin ganyen taba. In zafi da danshi suka haɗu sai ya ƙyanƙyashe, tsutsarsa ta huda kara kamar yadda ƙwaro ke huda wake a rumbu. Alamarsa 'yan ramuka kamar na allura da gari-gari a gindin akwati. Da ka gani, ka ware masu ramin. Sauran a ɗaure su cikin leda biyu a sa a injin ƙanƙara kwana uku, sannan kwana ɗaya a firiji, sannan a fito da su, a bar su a ledar har sanyin ya sake su. Wannan sai inda wuta ba ta yankewa. Don rage zafi kuwa, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, za ta yi amfani, muddin robar a rufe take gam, ruwa ba ya shiga.

Da damina kuma sai a juya lissafi. A watan Agusta iskarmu takan kai kashi 80 ko fiye, wato ta wuce abin da ake so. A lokacin sai a cire auduga gaba ɗaya. Danshi in ya daɗe sama da 75, fumfuna ce za ta biyo baya. In fari-fari ne kaɗan a jikin riga, a goge da busasshen ƙyalle, a rage danshi. In shuɗi ne ko kore, ko ya shiga ta bakin kara, wannan ta tashi daga aiki.

Saura magana ɗaya, Alhaji, ita ce mai nauyin. Ruwa yana komawa cikin ganye, amma akwai wani maiƙo a jikinsa mai ɗauke da ƙamshi, wanda in ya tafi ya tafi ke nan. Bayan wata biyu a ƙarƙashin kwano, tabar za ta yi laushi ta yi kyan gani, amma wanda ya san ta zai iya jin ta rage. Waɗanda rigarsu ta riga ta tsage kuma ba sa haɗewa. Don haka shawarata, ka ƙirga masu tsagar ka ware su, ka kira mai kaya tun kafin ya dawo, ka gaya masa abin da ya faru da abin da kake yi a kai. Wataƙila ku raba asarar, wataƙila ya yafe, tunda shi ma bai gaya maka yadda ake ajiye ta ba. In kuwa ka yi shiru, baƙonsa ne zai gano, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Asarar kara biyar ko goma ta fi sauƙi a kan asarar mutumin da ya yarda ya damƙa maka kuɗinsa.

Sauran 'yan kasuwa kuma, in an ba ku sautun kayan da ba ku saba da shi ba, ku tambayi mai sayarwa tun a can, yaya ake ajiye shi, me yake so, me ba ya so. Tambayar ba ta cin ko kwabo.

Alhaji, muna jiran wasiƙarka ka gaya mana yadda ta kaya. Jama'a, a ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a rubuta da kyau yadda za mu iya karantawa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana amanar da ke hannunmu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.